Yadda Za Ka Zaɓi Motar Rimot Ta Farko Idan A Ƙauye Kake

Duk bayan Sallah da kwana uku ko huɗu, teburin shagona yakan cika da motocin rimot da suka mutu. Sana'ata cajin waya ce da gyaran rediyo da tocila a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, don haka duk abin da ke cin batir a garin nan, ranar da ya tsaya ni ake kawo wa. Yaro zai shigo da mota a hammata, rimot a aljihu, ido ya yi ja, ya ce, "Kawu, ta daina tafiya." In kwance noti huɗu in ɗaga bodin, in tarar haƙoran giyar roba sun cinye sumul, yashi ya cika cikinta. Sai ya ɗago kai ya ce, "Za ta gyaru?" Yawanci ba ta gyaruwa. Ba don gyaran ya gagara ba, sai don wanda ya ƙera ta bai yi ta don a gyara ba, bai kuma fitar da kayanta kasuwa ba.

Ni ma ta faru da ni. Wata shekara da kaka na sayar da riɗi, na sayo wa babban ɗana wata ja mai fitilu, a jikin kwalinta an zana mota tana tsallake dutse. Kwana uku ta yi. Na tarar da yaron a zaure yana jujjuya ta shiru, abin ya tsaya mini a rai. Tun daga nan na shiga bin diddigin waɗannan motoci, na kwance na mutane, na sayi nawa. Abin da na gano shi ne mai sayen motar farko gudu yake tambaya, alhali tambayoyin da za su cece shi biyu ne: in ta karye, ina zan samo abin da ya karye? Kuma da wace wuta zan riƙa cajinta? Ga yadda nake bi da duk wanda ya zo neman shawara, uba ne ko uwa mai son faranta wa yaro, ko saurayi mai neman ta kansa.

Mataki na farko: fita ka dubi ƙasar da za a tuƙa ta

Kafin ka lissafa kuɗi, fita ƙofar gida ka dubi ƙasa. Bidiyon da kake gani a TikTok da YouTube, inda mota ke wucewa kamar kibiya, akasari a kan kwalta ko siminti ko gajeriyar ciyawa aka ɗauke shi. Mu kuwa rairayi gare mu a lungu, fako a masussuka da filin ƙwallon firamare, burji a hanyar da ta fita gari, sai kunyoyin gona bayan girbi, ga tsidau da ƙarangiya ko'ina. Jihar tamu ma, Jigawa, daga ƙasar yashi ta samo sunanta.

Saboda haka abin da za ka fara aunawa shi ne nisan cikin motar daga ƙasa. Ajiye ta a tebur, ka ɗora yatsa kan yatsa ka zura ƙarƙashinta. In yatsu biyu ba su shiga ba, bar ta komai kyanta. Irin wadda ta kwanta ƙasa kamar motar tsere, da ta shiga yashi cikinta zai zauna, tayoyi su yi ta juyawa a banza har inji ya ɗau zafi.

Iri uku ne suka dace da mu. Akwai mai manyan tayoyi, wadda za ka ce an ɗora a-kori-kura a kan ƙafafun tarakta. Ita nake fara nuna wa kowa, don tana cin yashi, tana haye kunya, in ta daki kututturen dalbejiya tayoyin ne ke fara shan dukan. Aibinta guda: tsayi gare ta, in ka sha kwana da gudu sai ta kife. Akwai siririya mai fiffike a baya, wadda ake ce wa bagi. Ta fi gudu, ta fi riƙe ƙasa a kwana, amma fako take so. In kana da filin makaranta mai tauri kusa, za ka more ta. In rairayi ne ya kewaye ka, za ka sha ɗauko ta da hannu. Ta uku ita ce mai rarrafe, wadda aka yi don hawan duwatsu da gangare. Gudunta bai wuce na mutum mai sassarfa ba, kuma saboda wannan ne mutane ke raina ta. Ni kuwa ina ganin ga yaro ɗan shekara bakwai zuwa goma babu kamarta. Abin da bai yi gudu ba, ba ya saurin karyewa, batir ɗinta yana daɗewa, tsakar gida ma ta ishe ta. Ka jera mata bulo da turmi kwance da itacen girki, yaro ya wuni yana neman hanyar hayewa.

Ka nemi mai jan ƙafa huɗu, za ka ga 4WD a kwali. Mai jan ƙafa biyu ta fi sauƙin gyara don kayan cikinta kaɗan ne, amma a yashi tayoyin baya kan tona rami su binne kansu.

Sai girma. Lambar da ake rubutawa kamar 1/10 ko 1/16 tana nufin kashi ɗaya cikin goma, ko cikin sha shida, na girman motar gaske. Wato in lambar ƙasa ta ƙaru, mota ta ƙanƙance. Mai 1/10 takan kai kamu guda ko ta ɗara, mai 1/16 kamar taƙi ɗaya da rabi, mai 1/24 kuwa a tafin hannu take zama, ta cikin ɗaki ce. A ƙasarmu ka tsaya tsakanin 1/16 da 1/12. In ta fi haka ƙanƙanta tsakuwa ma tana tsayar da ita, in ta fi haka girma kuɗin mota da na batir da na gyara duk su yi tsalle tare.

Mataki na biyu: raba ta wasa da mai gyaruwa

A nan akasarin kuɗin mutane ke salwanta. Motocin rimot gida biyu ne, ko da yake a kwali duk ɗaya suke. Akwai ta wasa, wadda in abu ɗaya ya lalace shi ke nan. Akwai kuma wadda aka harhaɗa ta gunduwa-gunduwa kamar motar gaske, kowane yanki da lambarsa, ana kwancewa a sa sabo. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, na ga ta wasa da aka tsuga wa kuɗi saboda fitilu da jiniya. Gwaji ne zai raba maka su, kuma a gaban mai kaya za ka yi shi.

Fara da sitiyari. Rimot mai kyau kamar ƙaramar bindiga yake, da kunama a ƙarƙashi da ɗan wili a gefe. Murɗa wilin a hankali kana kallon tayoyin gaba. In suna bin hannunka kaɗan-kaɗan, ka murɗa rabi su karkata rabi, wannan ita ce. In kuwa suka yi ƙas suka faɗa dama gaba ɗaya, ko hagu gaba ɗaya, babu tsaka-tsaki, ta wasa ce. Haka totur: ɗaga motar sama, ja kunamar sannu-sannu. Ya kamata tayoyi su fara juyawa a hankali, su riƙa ƙaruwa yadda kake ƙara ja. Wanda bai taɓa tuƙa mai irin wannan totur ba, bai san abin da ake ji a wasan nan ba.

Dubi kwali ka ga an rubuta 2.4GHz. Tsofaffin motoci masu 27MHz ko 40MHz, masu doguwar eriya kamar ta rediyo, in biyu masu lamba ɗaya suka haɗu a fili, rimot ɗin wannan sai ya riƙa tuƙa motar wancan. Na sha raba faɗan yara a kan haka. Mai 2.4GHz kowace mota da rimot ɗinta suke ƙulle, ko goma ne a fili ba ruwan wata da wata, kuma masu kyau kan kai mita 50 zuwa 100.

Sannan ka danna motar ƙasa ka saki. Mai shokazoba na gaske, wanda ke da mai a ciki, a natse take tasowa. Mai sifirin zalla sai ta yi ta tsalle kamar kwaɗo. Wannan ba dole ba ne a motar farko, amma in ka samu, alheri ne. Dubi tsakiyar taya: noti ne ya riƙe ta, ko cusa ta aka yi? Ɗaga bodin: batir yana fita da filogi, ko like shi aka yi? Daga ƙarshe ka ce a ba ka takardar da ke cikin kwali. In ka ga shafin da aka zana motar a warwatse, kowane ƙarfe da roba da lambarsa a gefe, to wannan kamfani yana sayar da kayan gyara. Ko ba ka jin Turanci, zanen zai yi maka magana.

Mataki na uku: inji

Ka tsaya a kan ta batir. Akwai masu shan mai, masu ƙara da hayaƙi, suna burge samari ƙwarai, amma ƙananan cikinsu ba fetur suke sha ba. Wani haɗin mai ne na musamman da ake kira naitiro, ba a sayar da shi a gidan mai ko wajen 'yan bumburutu, ga saitin kafireto da ke bukatar gwaninta, ga ƙurarmu da ke cinye injin in matatar iska ta yi sakaci.

Injin lantarkin kansa iri biyu ne: mai burushi da marar burushi. Burushin nan wasu 'yan guntaye ne a cikin inji da ke gogar ɓangaren da ke juyawa suna ba shi wuta. Mai burushi irin na cikin tsohuwar rediyon kaset ne, sai dai ya fi girma, wayoyi biyu ke fita daga jikinsa. Yana da araha, yana cinyewa a hankali, in ya mutu a cire a sa wani. Za ka ga lambobi kamar 380, 390, 540 ko 550, girman injin ke nan. Marar burushi wayoyi uku gare shi, ya fi gudu, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Ga ɗan koyo ina cewa mai burushi. Sauri ya haifi nawa: motar da ke kilomita 60 a awa a hannun wanda bai iya birki ba, ranar farko za ta gamu da katanga. Kilomita 25 zuwa 35 a ƙaramar mota gudu ne sosai, sai ka gani da idonka za ka yarda. Kuma lambar gudun da ke jikin kwali, a kan kwalta da cikakken batir aka auna ta, in ma an auna. In rimot yana da maɓallin rage gudu, wannan ya fi mini ƙarin kilomita goma daraja.

Mataki na huɗu: batir da caji

Nan zan daɗe, don nan ne sana'ata, kuma nan ne haɗarin yake.

Ka sani tun yanzu cewa batir ɗin da ke zuwa da mota mai gudu minti 10 zuwa 20 yake yi, cajinsa kuma da igiyar USB yakan ci awa biyu zuwa huɗu. Masu rarrafe sukan haura rabin awa. Duk wanda bai san haka ba sai ya ɗauka an cuce shi. Maganin abin batir na biyu ne, ka saye shi rana ɗaya da motar, ka tabbata ƙarfinsa ɗaya da na asali, filoginsa iri ɗaya, kuma yana shiga gurbinsa. Ka da ka ga mai 11.1V ka sa wa motar 7.4V don ta ƙara gudu. Ƙwaƙwalwar motar za ta ƙone nan take, na ga haka ba sau ɗaya ba.

A garin da wuta ke zuwa jefi-jefi, ko babu ita sam, nemi motar da cajarta ta USB ce. Da kan cajar waya mai kyau mai 5V da 2A, ko sola, ko fawa bank, ka gama. Batir mai 7.4V da 1500mAh, in aka lissafa wutar da yake ɗauka, ya ɗan haura rabin ta wayar hannu mai 5000mAh ne kawai. Fawa bank na gaske mai 10,000mAh zai cika shi kamar sau biyu. Ashe ba abin tsoro ba ne ga mai ƙaramar sola.

Batura iri uku za ka gamu da su. NiMH tsohon yayi ne, ƙwaya shida a jere su ba da 7.2V, yana da nauyi amma yana da haƙuri, ba ya saurin kawo matsala. Sai masu zagaye irin na cikin tocila mai caji da kwamfutar cinya, waɗanda ake kira 18650, wato kauri milimita 18, tsawo 65. Suna cikin rigar ƙarfe, sun fi jure wahala, kuma su na fi so wa ɗan ƙauye. Amma ka kula, na gaskiya ba ya wuce wajen 3500mAh. Duk wanda ka ga an buga wa 8800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, ɗauke shi ma za ka ji ba nauyi.

Na uku shi ne LiPo, mai laushi kamar an naɗe alewa a leda. Shi ya fi ƙarfi, shi ya fi son a lallaɓa shi. Kowace ƙwaya 3.7V ce, in ta cika ta kai 4.2V, don haka mai ƙwaya biyu, wanda ake rubuta wa 2S, cikarsa 8.4V. Ba a barin ƙwaya ta sauka ƙasa da 3.0V. A aikace ma'anar wannan ita ce, da ka ga mota ta fara sanyi, tsaya. Ka da yaro ya ce bari ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, wannan ɗan abin shi ke kashe batir. In an gama wasa a zare filogin daga mota, ko an kashe maɓalli, don wasu motocin suna ci gaba da tsotsar wuta a ɓoye. In za a ajiye shi fiye da mako, kamar lokacin shuka da noma da ba wanda ke da sukunin wasa, a bar shi rabi, wajen 7.6V a mita, ba cike ba, ba fanko ba.

Zafi ne babban abokin gabansa. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin nan kan haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano da azahar kuwa ya wuce haka nesa. Ka da a bar batir a can, ko a taga inda rana ke bugawa, ko a aljihun babur. Ɗakin ƙasa ya fi masa. In an sauke shi daga mota da ɗumi, a bari ya huce kafin a sa caji. Ni a shago ba na haɗa shi da wayoyin mutane a kan katako. Kasko nake da shi na ƙasa, na zuba yashi rabi, a ciki nake ɗora shi, ga bokitin yashi a gefe, kuma ba na rufe shago in bar shi a wuta. Kai ma yi haka a gida: ba a kan katifa ba, ba kusa da danga ko rumbu ko tarin kara ba, ba kuma a kwana ana caji ba.

In ya kumbura kamar fanke, ya gama aiki. Kar a danne shi, kar a huda shi da ƙusa wai don iska ta fita, wuta yake kamawa mai tsanani. Kar kuma a jefa shi juji inda ake cinna wuta da yamma. A sa shi a gwangwani da yashi nesa da ɗaki, a kai wa mai gyara. Yaro ƙarami dai ba shi ke caji ba, babba ne.

Mataki na biyar: sunaye, kayan gyara, da rabon kuɗi

Sunayen da duniya ta sani su ne Traxxas ta Amurka da Tamiya da Kyosho na Japan. Tamiya tun 1976 take fitar da motocin rimot, da yawansu a warwatse suke zuwa, kai za ka harhaɗa. Kaya ne masu kyau, amma Traxxas Slash kaɗai ta haura dala 200 kafin kuɗin kawowa, kuma ba ta nan ɗan koyo a ƙauye zai fara ba. Abin da aljihunmu ke iya kaiwa na Caina ne, galibi tsakanin dala 40 da 100, da naira kuwa farashin yana bin canjin ranar. A masu manyan tayoyi akwai HBX 16889, mai 1/16. A bagi akwai WLtoys 144001, mai 1/14, tana da gudu ƙwarai amma cikinta na kusa da ƙasa, ta fako ce, kuma ba zan ba ƙaramin yaro ita ba. A masu rarrafe akwai WPL C24 mai kama da Hilux, da MN82 mai siffar Land Cruiser a-kori-kura. Waɗannan biyun kan ɗauki hankalin manya ma, don motocin da muka saba gani ne a hanya.

Ba don sun fi kowa inganci na ambace su ba. Na ambace su ne don an sayar da su da yawa, kayansu sun cika intanet. Ko wace ka gani, yi wannan gwajin: rubuta lambar samfurinta a AliExpress ko Jumia. In hotunan giya da hannun taya da injin sitiyari suka fito birjik, saya. In motar kaɗai ta fito, ko ba ta da lamba ma sam, sai suna mai daɗi, wuce.

Raba kuɗinka uku. Kashi biyu na mota, kashi ɗaya na batir na biyu, da ƙananan baturan rimot irin na agogon bango guda uku ko huɗu, da kayan da suka fi saurin karyewa: hannuwan tayoyin gaba, babbar giya, sandunan da ke juya taya, da notin taya. Ka haɗo su tun farko, don jiran giya guda daga Caina makonni ne, zuciyar yaro kuwa ba ta jira. Kar ka yi saurin mayar da komai na ƙarfe. Hannun roba mai araha yana karyewa ne ya tsare abin da ya fi shi tsada a ciki.

Mataki na shida: wajen saye

A kasuwannin mako irin su Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a, abin da masu kayan wasa ke shimfiɗawa kusan duk ta wasa ce. In ita aljihu ya iya, babu laifi, amma a saya da sani, a siminti ko tabarma za a yi wasa da ita, ba a yashi ba. A Kano akwai shagunan kayan wasa a Sabon Gari da manyan kantuna, kana iya dacewa, ka je da gwaje-gwajen nan a kanka. Ka ce, "Alhaji, a sa mata batir in gani." In ya ce ba a buɗe kwali, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Mai gyaruwa dai akasari oda ake yi. Tunda gidajenmu ba su da lamba, ba da adireshin ɗan'uwa a Kano ko Dutse ko Haɗeja, shi ya karɓa ya ba direba a tasha. Ka roƙe shi ya ɗauki bidiyo tun daga yanka ledar har kunna motar, wannan ce shaidarka in abu bai cika ba. Ka karanta da kyau ko da batir da caja da rimot take zuwa, don akwai waɗanda ake sayarwa gangar jiki kawai, kuma dokokin jirgin sama a kan baturan litiyam sukan sa a turo mota babu batir. Mai talla a Facebook ko WhatsApp da ba ka sani ba, kar ka yi masa taransifa gaba ɗaya. Ka ce ya rubuta kwanan watan yau a takarda, ya ajiye kusa da motar, ya ɗauki bidiyo tana tafiya. Ta gwanjo kuma, in babu rimot ɗinta, lissafa kuɗin sabon rimot da na'urar da ke karɓar saƙonsa kafin ka taya, kuma ka ɗauka batir ɗinta ya mutu.

Mataki na bakwai: ranar farko

Cika batir tukuna, komai ɗokin yara. Kana jira ka bi notin tayoyi da sauran sukurori ka ɗan ƙara ɗaurewa, banda tsanantawa, roba ce. Ɗora motar a kan bulo, tayoyi na lilo. Kunna rimot da farko, sannan mota. In za a kashe, mota da farko, sannan rimot. Koya wa yaro wannan kamar karatu. Gwada gaba, birki, ribas, dama da hagu. Sauke ta, tafi da ita a hankali ba ka taɓa sitiyari ba. In tana janyewa gefe, akwai ɗan maɓallin saiti a rimot, murɗa shi kaɗan-kaɗan har ta miƙe.

Je fili mai faɗi bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Rage gudu zuwa rabi. Tsaya a bayan motar ka fara. Abin da ke rikita kowa shi ne in ta juyo tana fuskantarka, damanka ya zama hagunta. Babu dabara sai maimaici: kafa gwangwani biyu, tsakaninsu taku goma, ka yi ta zagaya su kamar kana rubuta 8 har batir biyu ko uku su ƙare. Tsakanin batir da batir taɓa injin. In ba ka iya barin yatsa a kai ka ƙirga biyar ba, ba ta hutu na minti goma ko fiye.

Yara za su taru, wannan tabbas ne. Ja layi a ƙasa su tsaya a bayansa, ƙanana a hannun yayyensu. Abu mai kilo ɗaya ko biyu da ke gudun babur in ya sami idon sawu ba wasa ba ne. Nisanci kaji da awaki, musamman jakai da shanun huɗa, suna firgita da ƙararta, kuma saniyar da ta tsinke igiya maganar sai ta kai gaban maigari. Ban da bakin titi, ban da kusa da masallaci lokacin salla, ban da inda mata suka yi shanya.

Bayan kowane wasa

Ƙura da yashi su ke kashe mota a nan, ba karo ba. Minti biyar sun isa. Zare batir, ɗaga bodi, kaɗe ta da burushin fenti, bi lunguna da tsohon burushin haƙori, hura ta da famfon keke. Cire ƙarangiya da zare da gashin da suka naɗe a gindin taya. Duba jikin injin, maganaɗisun cikinsa yana jawo baƙin ƙarfen da ke cikin yashi, za ka gan shi ya taru kamar gemu a bakin ramukan, share shi. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane boris lokaci-lokaci, ka goge ragowar. Kar ka shafa giris a giyar da ke waje, yashi zai manne ya zama kamar dutsen niƙa, ya cinye haƙoran. Giris na giyar da ke rufe ne kawai. Da hunturu, lokacin da buji ke tashi, sa ta a kwalinta ko a buhu ka ɗaure. Da damina kuma, ko an rubuta cewa ba ta jin ruwa, fantsama ake nufi, ba a tsoma ta a kududdufi ba, rimot kuwa ko yayyafi ba ya so.

In kana da matacciyar ta wasa a gida, kar ka yar. Injinta da fitilunta da maɓallinta galibi lafiyarsu ƙalau, ba yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani. Jar motar nan tamu haka ta ƙare. Yaron ya ciro injin, ya ɗaura shi a motar da ya yi da gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, na like masa wayoyin da dalma a kan ƙwaya ɗaya ta 18650 da maɓallin tsohuwar tocila. Ba ta da sitiyari, miƙewa take yi daga bakin zaure har gindin turken awaki. Yanzu da muke da mai rarrafe, shi ke kwance ta da alanki duk ran Alhamis da babu makarantar allo, ya jera sukurorin a murfin kwano don kada ɗaya ya faɗa yashi.